Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Rijiyar Kusugu da Ziyarar Cikin Tabarau

 

Bari in fara da tambaya ga matan garin Dutsi da ƙauyukansa, har da na Shargalle da ke bakin titin Katsina zuwa Daura: ku nawa ne kuka taɓa tsayawa a bakin Rijiyar Kusugu, kuka leƙa cikinta, kuka ɗanɗani ruwanta? Daura dai ba nisa gare ta ba, mutum zai iya karyawa a gida ya je ya dawo bai rasa Azahar ba. Amma sau da yawa za ki iske mace ta haifi 'ya'ya har ta aurar, ta je Daura biki, ta je gaisuwar rasuwa, ta je asibiti, amma ƙafarta ba ta taɓa taka wurin da ake cewa nan tarihin Hausa Bakwai ya faro ba. Ba ƙin zuwa ba ne. Hidimar gida ce, da kuɗin mota, da neman izini, sannan ga tunanin nan namu na cewa yawon buɗe ido aikin Turawa ne da 'yan makaranta.

To, yanzu zamani ya zo da wata fasaha da masu ita ke cewa ta raba gardama: in ke ba ki je ba, wurin zai zo ya same ki har tsakar ɗakinki. Tabarau ne za ki sanya, sai ki gan ki tsaye a cikin masallacin da ke wata ƙasa, ko a fadar da ta rushe shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Abin da nake so mu tattauna a wannan wata shi ne: wanda ya yi irin wannan ziyara, me yake fitowa da shi? Ya ƙaru da ilimi, ko kuwa mamaki kawai ya sha? Kuma ta yaya ake gane hakan? Maganar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu ne za a fara sanya wa, a makaranta ko a wurin wasa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Wane irin tabarau ne?

Masu harkar suna taƙaita sunan fasahar da haruffa biyu, VR. Shi tabaran ya fi wanda muka sani girma, kamar ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf. A cikinsa akwai allo da gilasai biyu, kowane ido da hoton da ake nuna masa, hoton dama ya ɗan bambanta da na hagu, kamar dai yadda Allah Ya halicci idanunmu kowanne na ganin abu ta ɓangarensa. Wannan ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ga zurfi da nisa. Sannan akwai wata 'yar na'ura da ke bin motsin kai: kika waiga dama hoton ya waiga da ke, kika ɗaga kai ki ga rufin ɗaki, kika sunkuya ki ga daɓe.

Hotunan iri biyu ne, kuma yana da kyau uwargida ta riƙe wannan bambanci domin za mu dawo kansa. Akwai wanda ake ɗauka da kyamara mai gani ta kowace kusurwa, wato wurin ne na gaskiya kamar yadda yake a ranar da aka ɗauka, da mutanensa da ƙurarsa. Akwai kuma wanda ake ginawa a kwamfuta, wani lokaci bayan an auna ginin da hasken leza, wani lokaci kuma daga kan mai zanen kawai, yadda yake zaton wurin ya kasance a da.

Abin ya fara yaɗuwa sosai ne daga shekarar 2014, lokacin da kamfanin Facebook ya sayi wani kamfanin tabarau mai suna Oculus a kan kusan dala biliyan 2. A wannan shekarar kuma Google ya fito da na talaka, wanda da kwali aka yi shi, wayarki za ki zura a ciki. A 2015 ya ƙaddamar da wani shiri na kai 'yan makaranta yawon buɗe ido daga cikin aji, amma ya rufe manhajar a 2021. Wannan ma abin lura ne: kayan kamfani yau akwai, gobe an ɗauke.

Darasin Hajarul Aswad

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu ya faru ne a Makka. Ba mu manta ba, a 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyatanmu sauke farali, domin mazauna Saudiyya kawai aka bari, a 2021 ma kimanin mutum dubu 60 ne. Cikin wannan yanayi, a watan Mayu na 2021, hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta fitar da hotunan Hajarul Aswad da aka ɗauka daga kusa ƙwarai, aka harhaɗa hotuna sama da dubu ɗaya suka zama guda, har ana ganin launi da zanen jikin dutsen da ko wanda ya sumbace shi bai samu sukunin gani ba. A watan Disamba na shekarar kuma Shaikh Abdurrahman Sudais ya ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta tabarau, wanda aka yi da haɗin gwiwar Jami'ar Ummul Ƙura.

Masu shirin nuni suka nufa, irin na gidan adana kayan tarihi. Amma kafin a ce kwabo labari ya zaga duniya da wata fuska dabam, wai an buɗe aikin Hajji a intanet. Mutane suka yi ta cece-kuce, wasu na murna, wasu na salati. Sai da hukumar harkokin addini ta ƙasar Turkiyya ta fito a watan Fabrairu na 2022 ta bayyana cewa mutum na iya kallon Ka'aba ta wannan hanya, amma ba Hajji ya yi ba, domin ibadar sai da ƙafa a ƙasa.

Hukuncin a fili yake, ko ɗalibar Islamiyya ta san shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tazarar da aka samu tsakanin abin da masu aikin suka yi niyya da abin da jama'a suka fahimta. Sun kashe kuɗi da lokaci wajen ingancin hoto, amma abin da ya tashi hankalin mutane ba hoton ba ne, ma'anar da suka ba shi ce. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana ke cewa bai isa a ƙera abu mai kyau ba, sai an koma an tambayi wanda ya kalla.

A nan yammacin Afirka ma an taɓa. Bayan da masu ɗauke da makamai suka rusa hubbaren waliyyan Tumbuktu a 2012, an ƙara gane amfanin adana surar gine-gine, kuma a watan Maris na 2022 Google ya buɗe wani shafi na tarihin ƙasar Mali mai ɗauke da shafukan tsofaffin littattafan Tumbuktu sama da dubu 40, tare da damar zagaya manyan masallatan ƙasa na can ta waya. A gida Nijeriya kuwa, wani mai shirya fim, Joel Kachi Benson, ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Banis da ke Italiya a 2019, da wani gajeren fim na tabarau a kan iyayen 'yan matan Chibok. Ke nan ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba.

Yadda ake auna abin da mai kallo ya ji

Abu na farko da manazarta ke nema shi ne ko mutum ya ji a jikinsa cewa yana can. Ba wai ya yarda da hankalinsa ba, ai ya san a ɗaki yake. Jiki ne ke ruɗuwa. A 2002 wasu masu bincike a wata jami'a da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun sanya wa mutane tabarau suka nuna musu ɗaki mai rami a tsakiya, zurfinsa kusan mita 6, alhali a zahiri daɓe ne lafiyayye. Da mutum ya matso bakin ramin sai bugun zuciyarsa ya ƙaru, na'ura na aunawa. Ki kwatanta da leƙa rijiya mai zurfi: ƙafafu kan yi sanyi ko da kin riƙe bakin da kyau. Saboda haka akan auna ta hanya biyu, a tambayi mutum da baki ko a rubuce, sannan a duba abin da jikinsa ya yi, domin baki na iya kara amma zuciya ba ta yi.

Abu na biyu shi ne lafiya. Mutane da dama in suka daɗe a ciki sukan ji jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko nauyin ido. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne saɓani tsakanin ido da kunne: ido na cewa tafiya ake yi, sashen cikin kunne da ke kula da daidaituwar jiki na cewa a zaune ake. Duk wadda mota ke sa wa amai ta san irin abin. Tun 1993 aka tsara wata takardar tambayoyi mai alamomi 16 domin auna wannan, asalinta don sojojin da ke koyon tuƙin jirgin sama ne a na'ura, kuma har yau da ita ake aiki.

A nan akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye. An daɗe ana rubuta cewa mata sun fi maza saurin jin jiri a cikin tabarau, har wasu suka ɗauka rauni ne na halitta. Sai a 2020 wata masaniya mai suna Kay Stanney da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna cewa babban abin da ke jawo hakan shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayar idanu biyu. Ta mata a mafi yawan lokaci ta fi ta maza ƙanƙanta, su kuma tabaran an fi ƙera su a kan ma'aunin fuskar namiji. Da aka ba matan wanda ya dace da idonsu, sai bambancin ya ragu ƙwarai. Ashe takalmin wani aka ba mu, aka ce ba mu iya tafiya ba. Don haka idan aka ce an gwada wani shiri mutane sun ji daɗinsa, tambayar farko ita ce: mata nawa ne a cikin waɗanda aka gwada da su?

Abu na uku, wanda shi ne ya fi damun uwa, shi ne ilimi. A nan sakamakon bai zo da baki ɗaya ba. A Jami'ar Maryland, a 2018, an gwada mutum 40 wajen tuna fuskokin da aka jera musu a cikin wani gini, sai waɗanda suka yi amfani da tabarau suka fi tunawa da kusan kashi 9 cikin 100 a kan kallon allon kwamfuta. Amma a 2019 wani malamin Jami'ar Kopanhagan ta ƙasar Denmak, Guido Makransky, shi da abokansa, sun fitar da wani binciken a kan ɗalibai 52 da aka koya wa darasin kimiyya. Waɗanda suka sanya tabarau sun fi jin kamar suna cikin ɗakin gwajin, amma sun fi ƙarancin fahimtar darasin. Kallo ya cinye hankalin da ya kamata a ba karatu. Mu da muke kai yara gidan biki mun san haka: yaro zai ba ki labarin fitilu da kiɗa tiryan-tiryan, amma ki tambaye shi sunan amarya ya yi shiru.

Sai wani bincike da nake ganin ya kamata kowace uwa ta ji. A Jami'ar Stanford, a 2009, Kathryn Segovia da Jeremy Bailenson sun nuna wa ƙananan yara surar kansu a cikin tabarau suna iyo tare da wasu manyan kifayen teku, abin da bai taɓa faruwa da su ba. Da aka tambaye su daga baya, wasu daga cikin yaran suka ba da labari kamar da gaske sun yi iyon. Abin da yaro ya gani ya kewaye shi ta ko'ina, ba ya ajiye shi a ma'ajiyar tatsuniya, yana iya ajiye shi tare da abubuwan da suka same shi a rayuwa.

Akwai kuma masu tsoron kada ziyarar tabarau ta kashe ta ƙafa, a daina zuwa wuraren tarihi. Wani bincike da Iis Tussyadiah da abokan aikinta suka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a Hong Kong da Birtaniya, ya nuna akasin haka: gwargwadon yadda mutum ya ji kamar yana wurin, gwargwadon yadda sha'awarsa ta zuwa da kansa ke ƙaruwa. Sai dai niyya aka auna, ba tafiya ba. Tsakanin "in sha Allah zan je" da shiga mota, mun san akwai rata.

In an zo tambayar Bahaushiya

Duk waɗannan ma'aunai a ƙasashen Turawa aka tsara su, ga mutanen da suka saba a miƙa musu takarda su zaɓi lamba daga 1 zuwa 7. Ki ɗauko wannan takarda ki kawo ta wani gida a Dutsi. Baƙo ya zo daga birni da kayansa masu tsada, ya gaida mai gari, aka tara mata, aka sanya wa wata dattijuwa tabarau na minti biyar, ya cire ya ce, "Mama, ya kika gani?" Me kike zaton za ta ce? "Ya yi kyau ƙwarai, ikon Allah, Allah Ya yi albarka." Ko da kanta na juyawa, ko da ba ta fahimci ko kalma ɗaya ta Turancin da ke fita a kunnenta ba. Kara da kunya ba za su bar ta ta kushe wa baƙo kayansa a gaban idonsa ba. Shi kuma ya koma ya rubuta cewa kowa ya gamsu.

A ganina, duk wanda ke son jin gaskiya a wurinmu sai ya sauya hanya. Mace ce za ta yi tambayar, da Hausa, a cikin gida, ba a gaban maza ba. Kada ta ce "ya yi kyau?", ta ce "ba ni labarin abin da kika gani, kamar za ki faɗa wa maƙwabciyarki da ba ta zo ba." A nan ne za a ji abin da ya zauna da abin da ya zube. Kuma a dawo bayan mako guda a sake tambaya, domin mamakin ranar farko na tabaran ne, ba na wurin tarihin ba. Ko kasuwar Mashi aka nuna wa mutum a karon farko sai ya riƙe baki. Mafi inganci duka shi ne a haɗa waɗanda suka taɓa zuwa wurin da ƙafarsu, su faɗi abin da aka bari a baya, domin su ne kaɗai ke da abin kwatance.

Me tabarau zai ɗauko daga Kusugu?

Mu ɗauka an zo yi wa Kusugu irin wannan aiki. Ginin da aka yi a kan rijiyar, da bakinta, da duhun cikinta, duk kyamara za ta ɗauka tsaf. Abin da ba za ta ɗauka ba shi ne nauyin guga a hannu, da sanyin ruwan a maƙogwaro, alhali mafi yawan waɗanda suka je abin da suke fara ba da labari ke nan: na sha ruwan Kusugu. Wannan gibi ne da kowa zai gane, bai ma dame ni sosai ba.

Wanda ya dame ni shi ne labarin. Kowa ya san yadda ake ba da shi: Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya sauka a Daura da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa ta ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar. Ya je ya kashe macijin, ya auri sarauniya Daurama, suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Idan kaka na ba da wannan labari da dare, yaro shi ke zana macijin a zuciyarsa, kuma yana jin "an ce" da "wai" da ke cikin maganar. A tabarau babu "wai". Mai zane zai zaɓi girman macijin, da launin fatar Bayajidda, da tufafin Daurama, yaro kuma ya tsaya a gefe yana gani kamar a gabansa aka yi. Ki tuna da yaran nan masu iyo da kifaye.

Su kansu masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun danganta sunan da Abu Yazid, wani ɗan tawaye na Arewacin Afirka da ya mutu a shekarar 947 Miladiyya. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a 1970 yana nuna cewa garuruwa da sarautun Hausa sun ginu ne sannu a hankali, ba zuwan baƙo ɗaya ne ya haife su ba. Wani Bajamushe, Dierk Lange, shi kuma yana ganin labarin tsoho ne ƙwarai kuma yana ɗauke da gaskiyar tarihi a cikinsa. Aiki na gaskiya sai ya gaya wa mai kallo a fili: wannan ɓangare hoton wurin ne, wannan kuma zanen mu ne bisa abin da aka ruwaito. Kuma a cikin tambayoyin da za a yi wa mai kallo daga baya, lallai a sa wannan: wanne ne ka gani da yake nan yanzu, wanne ne aka zana?

Sannan ga tambayar da in ba mu muka yi ta ba, da wuya wani ya yi mana. Kundin tarihin Daura ya lissafa jerin mata da suka yi mulki kafin zuwan Bayajidda, tun daga Kufuru, har da irin su Gino da Yakumo, kuma ana ruwaito cewa Daurama ce ta taso da hedikwata daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take a yau. Sarautar Magajiya ma ba ta ɓace daga fadar ba. To, a cikin minti goma na tabarau, Daurama za ta fito a matsayin mai mulkin ƙasa, ko kuwa ladan da aka ba jarumi bayan ya kashe maciji? Ayana da ta sauki baƙo cikin dare, za a ba ta fuska da murya? Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a tambayi 'yan mata goma bayan sun cire tabaran: wa ke sarautar Daura a lokacin? In bakwai suka ce Bayajidda, aikin ya koyar da kuskure komai kyan hotonsa.

Kada mu manta da sirri. Kyamarar da ke gani ta kowace kusurwa ba ta da baya, duk wanda ke wurin ya shiga. In aka ɗauki hawan Sallar Gani, ko aka shiga da ita cikin gida, matan da ke tsaye a gefe za su kasance a gaban idon duk wanda ya sanya tabaran a ko'ina cikin duniya, kuma yana iya tsayawa ya ƙura musu ido yadda ya so. Hakkinmu ne a nemi izini kafin a ɗauka, a kuma faɗi a hannun wa hotunan za su zauna.

Inda nake ganin fasahar za ta fi amfani shi ne wuraren da ko an je ba a ganin komai sai tudu. Ga Durɓi ta Kusheyi nan a ƙasar Mani, maƙwabciyar Dutsi, inda aka tona kaburburan tsofaffin masu mulki a 1907 da kuma 1992, aka samu kayan ado na zinariya da hauren giwa da kwanonin tagulla, har aka kai su birnin Mainz na Jamus domin a gyara su. Wanda ya je wurin ba zai ga waɗannan kaya a inda aka same su ba. A irin nan tabarau zai iya mayar da kowane abu mazauninsa, ya nuna abin da ƙafa ba za ta nuna ba.

In ya shigo gidanki

Ba sai kin mallaki tabarau mai tsada ba kafin ki ɗanɗana. Tun 2015 YouTube ke ɗaukar bidiyo mai juyawa ta kowace kusurwa, da wayar hannu kawai za ki riƙa juya ta kina gani, sai dai yana shan data fiye da bidiyon da aka saba. In kuwa tabaran ne ya zo, ta makaranta ko ta hannun wani yayansu, ki fara sanyawa da kanki ki ga abin da ke ciki, domin shi ba kamar talabijin ba ne da za ki leƙo daga kicin ki ga abin da yaro ke kallo. Shi kaɗai ke gani. Su kansu kamfanonin sun sa iyaka: Sony ya ce nasa ba na yaron da bai kai shekara 12 ba ne, Meta kuma, wato Facebook na da, ya daɗe a kan 13 kafin ya sauko zuwa 10 a 2023, shi ma da sharaɗin kulawar iyaye. A zaune za a kalla, nesa da murhu da bakin rijiya, na ɗan lokaci kaɗan, kuma da yaro ya ce kansa na juyawa a cire, kada a ce ya daure. Mai juna biyu da mai farfaɗiya su nemi shawarar likita tukuna. Soson da ke taɓa fuska a riƙa goge shi tsakanin mutum da mutum, musamman lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo.

Bayan ya cire, ki yi masa irin tambayar da muka ce a yi wa dattijuwar nan: ba ni labari. Ki saurara ki ji ko wurin ya gani ko tabaran. In ya ambaci abin da kika san zane ne, ki gaya masa zane ne tun abin bai zauna ba.

Su kuma matan Dutsi da kewaye, tasu ta zo da sauƙi, tunda abin da wasu za su nema a tabarau yana nan kusa da su. Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, lokacin garin na cika maƙil, don haka mai son ta leƙa rijiyar a natse da yara gara ta zaɓi wata ranar ta daban, da hantsi. A shawarci maigida tun da wuri, a haɗa kuɗin mota da maƙwabta biyu ko uku, a gaya wa yaran labarin a daren da za a tafi, sannan a riƙe 'yar gora ko jarka, domin waɗanda aka bari a gida za su tambayi ruwan.